Yadda Za Ka Tabbatar Varnado Ya Fi Dunmore, Ko da Jiya Ka Rantse da Akasin Haka

Kwantar da hankalinka. In ka wayi gari ƙungiyarka ta ƙwallon Amurka ta yi musayar mai jifanta, ta ba da wanda ka yi shekaru kana rantsuwa da shi, ta karɓo wanda ka yi shekaru kana zagi, ba kai ne na farko ba, kuma akwai magani. Bi matakan nan daki-daki. Na ba ka tabbacin kafin dusar ƙanƙara ta fara zuba za ka zauna a kowace majalisa ka kwatanta mutanen biyu, ka kayar da kowa, kunya ba ta ko leƙo ka ba. Ba sai ka san wasan ba. Sanin wasa ma cikas ne.

Abu ɗaya kawai za ka riƙe: mai jifa shi ne wanda ake miƙa wa ƙwallo ya cilla wa 'yan uwansa. In an ci wasa shi ne waliyyi, in an faɗi shi ne ɓarawo.

Ba da ka na tsara darasin nan ba. A jikin maƙwabcina Orrin Pavlik na gwada shi, mai ɗaura taya a wani gareji a garinmu na bakin tafki, a jihar Ohio. Orrin ɗan ƙungiyar Kuraye ne tun yana cikin zanen goyo, kuma tun ranar da Rafe Dunmore ya fara yi wa Kuraye jifa bai sake ganin laifinsa ba. Wan matarsa kuwa, Vernon Stuckey, mai sayar da katifu a ƙetaren kogi, ɗan ƙungiyar Kunamu ne, gwaninsa mai jifansu Ike Varnado. Duk haɗuwar iyali sai sun yi. Vernon ya ce Dunmore yana gudu kamar mai ɗauke da katifa a ka, Orrin ya ce Varnado yana jifa kamar mai watsa shara gidan maƙwabci.

Sai manyan ƙungiyoyin biyu suka zauna a ɗaki mai sanyi suka yi musaya. Dunmore ya koma Kunamu, Varnado ya dawo Kuraye.

Mataki na ɗaya: Musanta

Kada ka ɓata lokaci. Da labari ya fito, ka ce dama ka daɗe da sani.

Orrin yana ƙarƙashin wata tsohuwar mota rediyo ya faɗi labarin. Ya fito, ya ajiye sifana a hankali, ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa. Abokan aikinsa sun ce sun ji famfo yana ta zuba, da wani sauti da ba na famfo ba. Da ya fito, ido jawur, ya tsaya tsakiyar gareji ya ce:

"Ni fa tun bara nake faɗa muku hannun mutumin nan ya mutu."

Ba wanda ya taɓa jin ya faɗa. Ba wanda ya ƙaryata shi kuma, domin dukkansu 'yan Kuraye ne, kowa yana neman wanda zai fara ƙaryar ya bi bayansa.

Lura: kuka ba laifi ba ne. Laifin shi ne a samu shaida.

Mataki na biyu: Ɓatar da shaida

Rigar da ke da sunansa, hula, kofin shayi, hoton bango, duk a kwali, kwalin a bayan injin wanki. Wannan mai sauƙi ne.

Matsalar Orrin ita ce fuskar Dunmore tana zane a damtsensa na dama, da hular kwanon wasa da komai, aikin allura da tawada wanda sabulu ba ya fitarwa. Ya koma wurin matar da ta zana masa, ya naɗe hannun riga ya ce, "Mayar min da shi wani."

"Wa?"

"Kowa ma."

Ta ƙara masa gemu da tabarau. Da ya dawo gida, matarsa Janelle ta kama hannun ta juya shi wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Orrin, wane ne wannan tsohon?"

"Kakana ne."

"Kakanka da hular kwano?"

"Ya yi yaƙi."

"Da lambar wasa a kafaɗa?"

"Janelle, mutumin nan ya rasu. Ki bar shi ya huta."

Ka ga yadda gwani ke yi. In an matsa maka, jawo mamaci ka tsaya bayansa.

Mataki na uku: Zaɓi lissafin da ke sonka

Yanzu an zo kwatanci. Jarida za ta buga teburin lissafi, wane ya fi yawan yadin jifa, wane ya fi cin maki, wane ya fi miƙa wa abokan gaba ƙwallo kyauta. Kada ka karanta shi daga sama zuwa ƙasa kamar ɗan makaranta. Shiga cikinsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Dunmore ya fi yawan yadi? Ka ce yadin banza ne, wanda ake tarawa bayan an riga an faɗi wasa. Varnado ya fi jefa wa abokan gaba? Ka ce alamar jarumta ce, matsoraci ba ya kuskure domin ba ya gwadawa. In dai akwai wurin da naka ya fi, ko da tsayin wuya ne, nan ne asalin wasan yake.

Orrin ya ƙware har ya fara haƙo nasa lissafin. Na ji shi da kunnena yana gaya wa wani da ya kawo facin taya: "A duk wasannin da aka yi cikin ruwan sama, a filin ciyawar gaske, bayan ya dawo daga jinya, Varnado bai taɓa faɗuwa ba. Ko sau ɗaya."

Mutumin ya ce, "Wasa nawa ne hakan?"

Orrin ya kunna injin hura iska, ƙara ta cika garejin, ya nuna kunnensa alamar ba ya ji.

Wasa ɗaya ne. Kai ma ka nemi injin da za ka riƙa kunnawa.

Mataki na huɗu: Koma ga abin da ba a aunawa

Ranar da lissafi ya ƙi ka gaba ɗaya, raina shi. Ka lumshe ido ka ce, "Takarda ba ta nuna zuciya." Yi maganar kwarjini, da yadda yake tsayawa, da yadda yara ke kallonsa in ya buɗe baki. Ka ce ka ga wani abu a idonsa. Ba wanda zai tambaye ka yadda ka hango idon mutum ta cikin hular kwano, a talabijin, daga kan kujerarka, da kwanon fukafukan kaza a cinya.

Mataki na biyar: Kira gidan rediyo, amma da sunan aro

Ilimin da ya tsaya a gareji asara ne. Akwai shirin safe da ake buɗe wa masu sauraro layi, inda mazan da likita ya hana hawa bene ke koya wa 'yan wasa gudu. Nan ne makarantarka.

Orrin ya kira ya ce sunansa Stan. Ya zuba bayani. Ya ce Kuraye sun yi wa Kunamu wayo, sun ba su tsohuwar mota sun karɓo sabuwa fil. Ya ce Dunmore ya tsufa, yana gudu kamar mai ɗauke da katifa a ka.

A nan ya yi kuskure. Ka saci maganar kowa a duniya, ban da ta surukinka.

Mai kira na gaba ko gaisuwa bai yi ba. "Vernon ne daga ƙetaren kogi. Wancan ba Stan ba ne, Orrin Pavlik ne, mijin ƙanwata. Maganar katifar nan tawa ce, ni ke sayar da katifa, shi taya yake ɗaurawa. Kuma ku ce ya naɗe hannun rigarsa ku ga wanda ke kwance a damtsensa."

Mai shirin, da ya ga abinci ya faɗo masa, ya haɗa su a layi.

"Kai ba kai ne ka ce Dunmore ba zai iya jefa ƙwallo cikin tafki ba ko da yana cikin kwalekwale?" in ji Orrin.

"Lokacin yana hannun jahilai ne. Yanzu ya samu koci. Kai fa? Wa ya ce Varnado shara yake watsawa?"

"Iska ce ta garinku! Filinku a bakin juji yake!"

"Zo ka faɗa min a gabana, ƙanena."

"Ni ba ƙanenka ba ne, ƙanwarka na aura!"

"Shi ne babban kuskuren gidanmu!"

Rabin jihar ya ji. Janelle ta ji a asibitin haƙorin da take aiki, tana riƙe da bakin wani a buɗe. Mahaifiyarsu ita da Vernon ma, Mama Loretta, ta ji a kicin ɗinta.

Da yamma Janelle ta zaunar da Orrin. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ta tuna masa cewa bikin Ranar Godiya, wanda iyali ke taruwa su ci abinci tare, ya kusa, kuma shi ne na ƙarshe a gidan da aka haife su ita da Vernon, domin tun rasuwar babansu benen ya fi ƙarfin gwiwar Mama, bayan sabuwar shekara za ta koma ƙaramin ɗaki a gidan tsofaffi. Ta tuna masa bara, yadda shi da Vernon suka fasa kaskon da Mama ta gada wurin uwarta, suna gwada yadda ake jifa da gasasshen dankali.

"Mama ta ce in gaya maka, an kuma gaya wa Vernon. Duk wanda ya ambaci sunan ɗaya daga cikin mutanen nan biyu a gidanta ranar, ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita, kada ya sake zuwa inda take, ko ranar binne ta. Ni kuma nawa saƙon shi ne, in kai ne ka fita, kai kaɗai za ka koma gida. Kuma ban ce na kwana ɗaya ba."

Orrin ya buɗe baki. Ta ce, "Kuraye da Kunamu ne za su kara ranar, na sani. Shi ya sa nake gaya maka tun yanzu."

Mataki na shida: In an hana ka suna, yi da abinci

Masanin gaske ba ya buƙatar suna. Ina wurin ranar, don Mama Loretta ba ta yarda maƙwabcin 'yarta ya ci abincin gwangwani ranar biki ba. Tebur ya cika: talotalo gasasshe, kirɓaɓɓen dankali, romo, kek ɗin kabewa yana jira a gefe. Talabijin a kunne a kusurwa amma an kashe sautinsa, don marigayin mijinta bai taɓa cin abincin Godiya ba tare da wasa yana motsi a gefen idonsa ba, ita kuma ba ta son canza komai a shekarar ƙarshe.

An yi addu'a. Aka fara yanka. Orrin ya ɗauki cinya ya jinjina ta.

"Mama, talotalon bana ya fi na bara ƙafa. Ga ƙuruciya. Wannan da ransa ba a kama shi da sauƙi."

Vernon ya goge baki. "Ƙafa ba ita ce talotalo ba, suruki. Fiffike ake dubawa. Na baran nan, wanda wasu suka raina suka bayar, fiffikensa har yanzu yana kai saƙo inda aka aike shi."

"Na bara ya bushe. Kowa ya san ya bushe. Don dai ana kunyar faɗa ne."

"Amma ka cinye, ka ƙara, har ka sa an zana maka shi."

Janelle ta taka ƙafar mijinta a ƙarƙashin tebur. Mama Loretta ta dube su ta saman tabarau.

"Ni na dafa na bara, ni na dafa na bana. Wanne ne ya bushe?"

"Ba ko ɗaya, Mama," suka ce tare.

"To ku ci."

Har nan, dabara tana aiki. Da an tsaya a nan da na rufe darasi na karɓi yabo.

Mataki na bakwai: Kula da jikinka, shi ne munafukin

Baki yana koyon sabuwar ƙarya cikin mako guda. Ƙafa da maƙogwaro ba sa saurin koyo. Wannan shi ne matakin da ya fi kashe ɗalibai, don haka ka zauna ka danne cinyoyinka da hannu biyu.

Ana tsakiyar cin abinci Dunmore, cikin baƙar rigar Kunamu, ya ja da baya da ƙwallo. Ƙattin Kuraye biyu suka taso masa. Ya goce wa na farko da wannan ɗan karkacewar kafaɗa da Orrin ya yi shekaru yana kwaikwayo a gaban madubi, ya saki ƙwallo tun kafin na biyun ya iso. Ta tashi, ta yi ta tafiya kamar ba za ta sauko ba, ta sauka a tafin hannun mutuminsa a ƙarshen fili.

Orrin bai san lokacin da ya miƙe ba. Kujera ta faɗi baya, kwanon romo ya kife a kan farin mayafin tebur.

"Rafe! Yarona! Kun gani? Kun ga hannu? Wa ya ce ya mutu? Wa ya..."

Sai ya ji shirun. Hannayensa biyu a sama, romo yana ɗiga a takalminsa, kuma ƙungiyarsa aka ci.

Vernon ya jingina da kujera, murmushi ya bazu a fuskarsa a hankali. Janelle ta ajiye cokali, ta zuba wa farantinta ido. Mama Loretta ta naɗe hannu.

Orrin ya sauke hannayensa. Ya tayar da kujerar, ya ce, "Ki yi haƙuri, Mama." Ya nufi ɗakin da aka tara kwat-kwat a kan gado. Ya daɗe a ciki, fiye da yadda neman kwat ɗaya ke ɗauka. Ina jin yana jira ne ko matarsa za ta biyo shi. Ba ta biyo shi ba.

Da ya fito, ya sa kwat har ya ja zif, ya tsaya bakin ƙofar falo zai yi sallama. A daidai lokacin Kuraye ke da ƙwallo. Varnado ya ɗaga hannu zai jefa, wani ƙaton Kunamu ya zo masa ta bayan da ba ya gani, ya haɗa shi da ƙasa. Ƙaton ya tashi yana rawa. Varnado bai tashi ba. Masu jinya suka rugo da jakunkuna.

Ɗan Kunamu na gaske tafi ya kamata ya yi. Vernon ya miƙe da ƙashin talotalo a hannu, murmushin ya ɓace.

"Ike. Ike, tashi. Kafaɗar ce, wallahi kafaɗar nan ce da aka yi wa aiki. Tashi mana, yarona! Wane dabba ne ya bar bayansa a buɗe?"

Ya juyo, ya ga kowa shi yake kallo, hawaye har gemu.

Mama Loretta ta dubi ɗanta, ta dubi surukinta da ke tsaye cikin kwat. Ta yi ajiyar zuciya.

"Wawaye biyu Allah ya ba ni, ɗaya na haifa, ɗaya aka kawo min. In na kore ku duka, wa zai sauko min da kabad daga bene? Orrin, cire kwat ɗin nan. Ku kwashe kwanukan nan ku shiga kicin, kada in ga ƙeyar ɗayanku sai komai ya bushe." Ta juya wajen 'yarta. "Janelle, ƙaro min sauti. Ina so in ji ko yaron mutane ya tashi."

Varnado ya tashi. Ya ɗaga babban yatsa, ya koma wasa.

Mataki na takwas: In asiri ya tonu, miƙa amana

Sauran wasan ta bango suka ji shi, tare da muryar Mama Loretta tana zagin alƙalin wasa da kalmomin da 'ya'yanta ba su san ta iya ba. Ni ne mai kai musu faranti, don haka na ga abin da ya biyo baya.

Vernon yana wankewa, Orrin yana gogewa. Can Vernon ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Ba ya gani ta hagu. Ike. In suka taso ta can sai dai ya ji su a jikinsa. Ku sa masa mutumin kirki a wajen, ba wannan buhun garin da kuka ajiye ba."

"Zan gaya musu," in ji Orrin, kamar yana da lambar wayar koci.

"Kuma in ya yi kuskure biyu a jere kada ku yi masa ihu. Yana da saurin karaya. Ba ya nunawa ne kawai."

Orrin ya goge faranti ɗaya har ya kusa cire masa fure. "Shi kuma Rafe, farkon wasa ba ya taɓa yin kyau. Kada ku yanke masa hukunci kafin hutun rabin lokaci. In sanyi ya yi tsanani yatsunsa suna ƙagewa, sai ya riƙa hura musu iska. Ba tsoro ba ne. Ku riƙe shi da kyau, Vernon. Mutumin kirki ne."

"Ka taɓa haɗuwa da shi?"

"A'a. Kai fa?"

"Na taɓa ganin motarsa."

Ihu ya tashi a falo. Janelle ta leƙo ta ce Kuraye sun ci da bugun ƙafa na ƙarshe, wani siririn yaro ne ya buga, wanda ba ya cikin lissafin kowa. Ta dubi mijinta da tsumman goge kwano a kafaɗa, ta ce, "In ka gama ka ɗumama mota, ba na son shiga cikin sanyi." Ta koma.

Orrin ya sauke numfashin da ya riƙe tun faɗuwar romo.

Vernon ya ɗauraye kasko na ƙarshe ya miƙa masa. "Kada ka ɗauka wani abu ya canza, suruki. Har gobe nawa ya fi naka."

Orrin ya karɓi kaskon. "Wanne ne naka?"

Vernon ya buɗe baki. Ya rufe. Ya tsaya da kumfa har gwiwar hannu yana kallon tagar kicin, famfo yana ta zuba, har Mama Loretta ta ƙwala kira daga falo tana tambayar wa zai biya mata kuɗin ruwa.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan darasi ba koci ba ne, ba lauya ba ne, ba kuma mai sasanta aure ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa mata, ko suruki, ko gurbinsa a teburin biki, shi ya jiyo, kada ya nemi gidana. Ba na karɓar ƙorafi daga 'yan Kuraye, ba na karɓa daga 'yan Kunamu. In kuma ƙungiyarka ta sake musayar mutumin bayan ka gama koyon sonsa, ka kai kuka wurin masu ƙungiyar. Suna da ofis, suna da mai gadi, kuma ba su san an haife ka ba.